Zafin mota a hanyar Dogon Dutsi: aikin bututu da ruwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 cikin watan Afrilu, daga Doso zuwa Birnin Ƙwanni, ba zai rasa ganin mota tsaye a gefen kwalta ba, tana tururi, yaron mota yana neman ruwa. A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Motar da ta tsaya da albasa ko fasinja cikin wannan rana, hasara ce ga mai ita da masu kaya.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin da mai ke bayarwa cikin inji, ruwa ne ke kwashe shi. Ruwan yakan kai shi ga lagireto, wanda masu gyara ke kira radiyatar. A can yana ratsa ƙananan bututu, iska tana busa su, ya huce, ya koma inji.

Shi ya sa masu ƙera motoci suka daɗe suna gyaran sifar bututun. Sun gane cewa bututu mai faɗi, maras kauri, ya fi kewayayye ba iska wurin taɓawa. Suna jera siraran ganyen ƙarfe tsakaninsu, wasu kuma suna lotsa cikin bututun don ruwa ya riƙa jujjuyawa, ya saki zafinsa. A yawancin motocin yanzu, alminiyam ya maye gurbin jan ƙarfe.

Shi ma ruwan an waiwaye shi. A shekarar 1995, Stephen Choi na cibiyar bincike ta Argonne, a Amurka, ya gabatar da dabarar gauraya ruwa da garin ƙarfe mai tsananin laushi, wanda silin gashi ya fi kowace ƙwayarsa kauri sau ɗaruruwa. Gwaje-gwaje sun nuna irin wannan ruwa ya fi saurin ɗaukar zafi. Amma da sauran aiki: garin yakan kwanta, ya toshe bututu, ya ƙara wa famfo nauyi.

Darasin da ke nan ga direban Dutsi a fili yake. In gari mai laushi haka yana iya toshe bututu, ina ga ruwan tabki? Ruwan rijiya ma yakan bar tsatsa da farin datti a ciki, ƙurar hunturu kuma ta liƙe ganyen ƙarfen daga waje. Ta haka duk hikimar maƙera take tashi banza.

Saboda haka ya kamata a zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin sanyaya inji, a wanke lagireto kafin bazara, a duba murfinsa. Murfi mai kyau yana hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, maimakon 100. Kada kuma a buɗe shi inji na da zafi, don tururin yana ƙona fuska. Rigakafi dai ya fi magani.