Kitsen Jini da Gigin Tsufa

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan dattijo ya fara ɓacewa a hanyar masallaci, ko sunayen jikokinsa suka kuɓuce masa, sai a ce gigin tsufa ne, a haƙura. Likitoci kuwa sun san sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda kan yi shekara goma ko ashirin yana ɓarna a ɓoye kafin iyali su farga. Hoton ƙwaƙwalwa yana da tsada, kuma sai an kai tsoho Zariya ko Katsina ko Kano, a kan hanyoyin da suka sha fama da 'yan bindiga. Saboda haka babban abu ne ga mutanen wannan yanki a ce ɗan jinin da aka ɗiba a hannu zai iya nuna ciwon da wuri.

Ba banza ba masana suka dubi kitse. Bangon kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa da kitse aka gina shi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kolestarol ɗin jiki a ƙwaƙwalwa yake. A 2014 masana a Jami'ar Georgetown ta Amurka suka ba da rahoton tsofaffi 525 da suka bi har shekara biyar, suka ce irin kitse goma a jini sun nuna musu, daidai fiye da sau 90 cikin 100, wanda zai fara rikicewa cikin shekara biyu ko uku. An yi murna da wuri. A 2016 wasu masanan suka gwada kitsen nan goma a kan wasu tsofaffin Amurka da Aisilan, ba su sami haka ba.

Aikin da ya fi kusa da gida shi ne na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992. An tarar cutar Alzheimer ta fi ƙaranci a tsakanin Yarabawa bisa ga baƙar fatar Amurka, haka nan kitsen jininsu ya fi ƙasa. Amma duk da haka, rahoton 2006 ya nuna cewa a cikin Yarabawan da ba su gaji ƙwayar gadon nan ta APOE4 ba, hatsarin yana hawa tare da kolestarol. Watau ma'aunin Turai ba lalle ne ya dace da manomin Faskari mai tuwon dawa da man gyaɗa ba.

Abin da ya tabbata yanzu ya fi wannan sauƙi. A 2024 kwamitin mujallar Lancet ya sa yawan mugun kolestarol a tsakiyar rayuwa cikin abubuwa 14 da ke ƙara hatsarin ciwon, kuma ana iya gyara su. Awon nan ba ya cewa wane zai rikice. Gargaɗi ne ga ɗan shekara arba'in ko hamsin, lokacin da magani da gyaran cima ke da amfani. A wurin tsoho kuwa lissafin kan juye, domin an ga kolestarol yana sauka shekaru kafin mantuwa ta bayyana.