Kora da hali: yadda rage ma'aikata 22,000 a France Télécom ya kai shugabanninsa gaban majalisa da kotu

Ranar 21 ga watan Janairun 2025 kotun ƙoli ta Faransa ta rufe wata shari'a da aka share shekaru 15 ana tafkawa. Kotun ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa Didier Lombard, tsohon shugaban kamfanin sadarwa na France Télécom, da mataimakinsa Louis-Pierre Wenès. Laifin da aka same su da shi shi ne tsara wata manufa ta gallaza wa ma'aikata domin su gaji su bar aiki da ƙafarsu.

Kamfanin ba baƙo ba ne ga mutanen Nijar. Shi ne ya koma amsa sunan Orange a 2013. Shi ne kuma ya samu lasisin aiki a ƙasar nan a ƙarshen 2007, ya fara sayar da layi a 2008, kafin ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com a 2019. Ke nan a daidai lokacin da ake layin sayen sim ɗin Orange a Yamai da Maraɗi da Damagaram, can gida a Faransa ma'aikatan uwar kamfanin suna cikin wani hali da daga baya ya girgiza gwamnati da majalisa.

Daga ma'aikatar gwamnati zuwa kasuwar hannun jari

Asalin France Télécom wani sashe ne na ma'aikatar gidan waya da tarho ta Faransa. A 1991 aka ba shi cin gashin kai, a 1997 aka fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a, sannan a farkon 1998 aka buɗe kasuwar tarho ga kowane kamfani mai son shiga. A 2000 ya sayi kamfanin salula na Orange na ƙasar Ingila da tsada mai yawa, ya kuma ci gaba da saye-saye a ƙasashen waje. Zuwa 2002 bashin da ke kansa ya doshi miliyar 70 na kuɗin Euro. A 2004 kason gwamnati ya sauka ƙasa da rabi, kamfanin ya zama na ƴan kasuwa, ko da yake gwamnati ta ci gaba da zama babbar mai hannun jari.

A lokaci guda kuma sana'ar kanta tana canzawa. Wayar girke tana ja da baya, salula da intanet suna karɓe kasuwa, sabbin kamfanoni suna karya farashi. Dubban ma'aikatan da suka ƙware wajen jan waya da gyaran layi sai shugabanni suka fara yi musu kallon kaya mai nauyi.

Didier Lombard ya hau kujerar shugabanci a 2005, ya zo da wani shiri da aka sa wa suna NExT. A 2006 aka bayyana cewa mutum 22,000 za su bar kamfanin cikin shekaru 3, wasu 10,000 kuma za a sauya musu aiki ko wurin aiki. A lokacin ma'aikatan kamfanin a Faransa sun haura 100,000, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar ne zai tafi.

Me ya sa ba a sallame su kai tsaye ba?

A dokar Faransa, kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye, idan zai sallami mutum 10 ko fiye cikin kwana 30 saboda dalilin tattalin arziki, dole ne ya gabatar da wani tsari a rubuce. Sai ya zauna da wakilan ma'aikata, ya faɗi dalilinsa, ya nuna ƙoƙarin da ya yi na sama musu wani aikin, ya biya haƙƙoƙin sallama. Hanya ce mai tsada, kuma a bainar jama'a ake bin ta.

Sai dai mafi yawan ma'aikatan France Télécom an ɗauke su ne tun kamfanin yana hannun gwamnati, kuma sun riƙe matsayinsu na ma'aikatan gwamnati ko bayan an sayar da shi. Irin waɗannan doka ba ta yarda a sallame su don a rage kashe kuɗi ba. Saboda haka a takarda babu wanda aka kora. An ce kowa zai tafi ne da son ransa: wani ya yi ritaya da wuri, wani ya koma wata ma'aikatar gwamnati, wani ya je ya kafa sana'arsa.

To idan masu son tafiya ba su kai 22,000 ba fa? A watan Oktoban 2006, gaban taron manyan jami'an kamfanin, Lombard ya ba da amsa. Ya ce zai sa mutanen nan su fita ta kowace hanya, "ko ta taga ko ta ƙofa". Wannan magana ta bi shi har gaban alƙali.

Abin da binciken shari'a ya nuna daga baya shi ne abin da Bahaushe ke kira kora da hali. Ana ba shugabannin sassa adadin mutanen da ya kamata su rabu da su, har ana ɗanganta wani ɓangare na ladan da suke samu da yawan waɗanda suka tafi. Ana tura mutum wani gari mai nisa da iyalinsa. Ana ɗauke ƙwararren mai gyaran layi ɗan shekara 50 a zaunar da shi yana amsa kiran masu ƙorafi ko yana tallar haja ta waya. Wani a bar shi ba aikin yi, wani a riƙa aiko masa da sanarwar guraben aiki na waje ba dare ba rana. Tun a 2007 ƙungiyoyin ƙwadago biyu, SUD da CFE-CGC, suka kafa wani kwamitin sa ido kan matsin da ma'aikata ke sha. Likitocin kamfanin ma sun yi ta gargaɗi. Ba a saurare su ba.

Lokacin da ƴan siyasa suka farka

A shekarun 2008 da 2009 ma'aikatan kamfanin 35 ne suka hallaka kansu. A watan Yulin 2009 wani ma'aikaci a birnin Marseille ya bar wasiƙa yana cewa aikinsa a France Télécom ne kaɗai dalili, ya kuma zargi kamfanin da mulkin tsoratarwa. Wasiƙar ta fita a jaridu. Da aka shiga watan Satumba, mace-macen suka ƙaru a jere, maganar ta fi ƙarfin ɓoyo.

Ranar 15 ga Satumba ministan ƙwadago na lokacin, Xavier Darcos, ya kira Lombard ofishinsa. Da ya fito sai ya ce wa ƴan jarida dole a kawo ƙarshen wannan "yayi" na kashe kai. Kalmar ta tada ƙura, washegari ya nemi gafara. Jam'iyyun adawa suka nemi ya yi murabus, ƴan majalisar dattawa suka kira shi ya yi bayani. Kamfanin ya dakatar da sauya wa mutane wurin aiki a kan dole. A farkon Oktoba Wenès, wanda ake kallo a matsayin mai zartar da shirin rage kuɗi, ya sauka daga muƙaminsa. Aka maye gurbinsa da Stéphane Richard, tsohon daraktan fadar ministar tattalin arziki Christine Lagarde. A watan Maris na 2010 Richard ya karɓi ragamar tafiyar da kamfanin daga hannun Lombard.

Gwamnati ta kuma umarci duk kamfanin da ke da ma'aikata sama da 1,000 ya buɗe tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwadago kan matsin aiki kafin Fabrairun 2010. Ma'aikatar ƙwadago ta wallafa sunayen kamfanoni kashi uku: waɗanda suka bi umarni, waɗanda suka fara, da waɗanda ba su yi komai ba. Ba a jima ba aka janye sunayen masu taurin kan daga shafin ma'aikatar bayan kamfanonin sun yi ƙorafi. Majalisar dattawa kuma ta kafa kwamitin bincike kan wahalar da ake sha a wuraren aiki, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Yulin 2010.

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi

Abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka riƙa tunatar da ƴan siyasa shi ne, gwamnatin da ke nuna ɓacin rai ba ƴar kallo ba ce. A 2009 tana riƙe da kusan kashi 27 cikin 100 na hannun jarin kamfanin, tana da wakilai a kwamitin gudanarwarsa, tana kuma karɓar rabonta na riba kowace shekara. Adadin 22,000 ba sirri ba ne, a fili aka faɗe shi tun 2006. An yi shekaru 3 ana aiwatar da shirin kafin minista ya kira shugaban kamfanin. Ga iyalan da suka rasa nasu, abin ya zama ihu bayan hari.

Wannan shi ne dalilin da ya sa rage ma'aikata a kamfanin sadarwa ya bambanta da na wani kanti ko masaƙa. Kamfanin sadarwa ba ya aiki sai da lasisin gwamnati, zangon da saƙonninsa ke bi a iska dukiyar ƙasa ce, kuma sau da yawa gwamnati na da kaso a cikinsa. Don haka ƴan siyasa suna da hurumin tambaya, suna kuma da rabonsu na alhaki.

Duk da haka, kiran minista da zaman majalisa ba su hukunta kowa ba. Waɗanda suka kai maganar kotu su ne ƙungiyar SUD, da ta shigar da ƙara a Disamban 2009, da wata jami'ar sa ido kan dokokin ƙwadago, Sylvie Catala, da ta miƙa wa mai gabatar da ƙara rahotonta a Fabrairun 2010.

Abin da kotu ta yanke

Sai a watan Mayun 2019 aka fara sauraron shari'ar a birnin Paris, aka yi fiye da wata biyu ana zama. Kotu ta duba lamarin mutum 39: 19 da suka hallaka kansu, 12 da suka yi yunƙuri, da 8 da suka faɗa cikin ciwon damuwa mai tsanani ko suka kasa ci gaba da aiki.

Lombard da abokansa sun kare kansu da cewa sun tarar da kamfani a bakin rami, suka ceto shi, kuma canjin zamani ne ya tilasta rage ma'aikata. Kotu ba ta musa cewa shugaban kamfani na da ikon yanke yawan ma'aikatan da yake buƙata ba. Ba ta kuma same su da laifin kisa ba. Abin da ta ce shi ne hanyoyin da aka zaɓa don cimma adadin 22,000 haramtattu ne. Ta kuma ce ba dole sai shugaba ya san ma'aikaci ido da ido kafin a kama shi da laifin gallaza masa ba, muddin manufar da ya shimfiɗa daga sama ita ce ta lalata yanayin aikin mutane.

Ranar 20 ga Disamban 2019 aka yanke wa Lombard da Wenès da tsohon shugaban sashen ma'aikata Olivier Barberot ɗaurin shekara guda, wata 8 daga ciki na je-ka-gyara-halinka, da tarar Euro 15,000 kowannensu, kusan miliyan 10 na kuɗin sefa. Kamfanin kuma aka ci shi tarar Euro 75,000, wajen miliyan 49 na sefa. Ga kamfanin da ke juya miliyoyin dubbai kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma iyakar abin da dokar wancan lokaci ta tanada ke nan. Orange bai ɗaukaka ƙara ba, ya ma kafa kwamitin biyan diyya. A Satumban 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin Lombard da Wenès, ta mayar da ɗaurin duka na je-ka-gyara-halinka. Hukuncin kotun ƙoli na 2025 shi ya sa wannan fahimta ta zama abin dogaro ga sauran kotunan ƙasar.

Rage ma'aikata bai tsaya ba

Shari'ar ba ta hana kamfanonin sadarwa rage mutane ba. Lokacin da attajiri Patrick Drahi ya sayi SFR a 2014 ya yi alkawarin ba zai taɓa guraben aiki ba har shekaru 3. A 2016, tun wa'adin bai cika ba, aka sanar cewa mutum kusan 5,000 za su tafi, kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan. Kamfanin Nokia ma, wanda ya ɗauki alkawura gaban Emmanuel Macron yana ministan tattalin arziki lokacin sayen Alcatel-Lucent, ya sanar da soke gurabe 1,233 a Faransa a 2020. A duka biyun ministoci sun yi magana, an zauna da shugabanni, an yi ciniki kan sharuɗɗa, amma aikin ragewar ya gudana.

A nan Nijar ma sashen sadarwa ya sha sauya hannu. An sayar da Sonitel a 2001, gwamnati ta sake karɓe shi a 2012, aka haɗe shi da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecom. Kowane irin wannan sauyi yana zuwa da tambayar makomar ma'aikata. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta wajabta wa mai kamfani ya tuntuɓi wakilan ma'aikata, ya kuma sanar da sufeton ƙwadago, kafin ya sallami mutane bisa dalilin tattalin arziki. Abin da labarin France Télécom ya ƙara a kai shi ne, ba takardar sallama kaɗai ake dubawa ba. Idan aka ga ma'aikata suna ajiye aiki da yawa a lokaci ɗaya, ana cewa da son ransu ne, ya kamata wakilansu da sufeton ƙwadago da hukumomi su tambayi abin da ke tura su, tun suna da rai da lafiyar ba da amsa.