ƘYALLEN DA KIKE ZUBARWA KUƊI NE

Ni dai ban ga abin da ke zubar da ƙimar budurwa ba irin ta riƙa miƙa wa saurayi hannu, yau kuɗin mai, gobe kuɗin anko. Ai guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni.

To ga sana'a a cikin ɗaki. Duk ranar da kika kai ɗinki, ki ce wa tela ya tara miki ragowar ƙyallayen atamfa. Ki fara wanke su, don mai zuba ta zube tun kafin ta ɓata sauran, sannan ki goge. Kar ki haɗa atamfa da leshi, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda nake yin bargon jariri shi ne, in yanka guda 80, kowanne inci 5 tsawo da faɗi. In jera takwas-takwas har layi 10, ina barin kwatan inci wajen ɗinki. Zai ba ki kamar inci 36 da 45. Sai ki sa tsohon zani mai laushi a tsakiya, sabon yadi a baya, ki bi su ukun da ɗinki don kar na cikin ya dunƙule wajen wanki.

Ƙananan da suka rage kuwa, ga ribom na gashi, ga 'yar jakar kuɗi. Babu keke? Wallahi allura da zare ma sun isa. Ranar suna ki kai wa mai jego guda ɗaya, ki ga masu tambayar nawa ne.