Wa Zai Ɗauki Nauyin Masu Bin Sawu a Iyakar Maraɗi?

Duk wanda ya san ƙasar da ta taso daga Gidan Runji ta bi ta Agye har Gazawa, ya san cewa ɓarawon da ya kore shanun talaka da tsakar dare a karkarar Tsibiri, kafin ladan ya kira sallar asuba ya riga ya tsallaka wajen Sabon Birni a Najeriya, inda jandarman da ya biyo sawun kofato ba shi da hurumin taka ƙafarsa, balle ya kama mutum. Wannan fitina ce ta koro dubban bayin Allah daga Sakkwato da Zamfara zuwa ƙauyukan Gidan Runji a 2019, ita ce kuma ta tara gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara a birnin Maraɗi cikin Satumban shekarar, suka ƙulla alkawarin taimakon juna da gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru.

Sai dai alkawari ba ya zuba mai a tankin babur. Tahkikin laifi aiki ne mai cin dukiya a hankali: kuɗin man da za a je a ji bakin shaida a Gangara, da na bin lambar wayar da aka nemi kuɗin fansa da ita, da guzurin jami'in da zai kwana a kasuwar dabbobi yana duba shaidar wuta a cinyar saniya. Shekara da shekaru Turai ce ta ɗauki kaso mai tsoka na irin wannan hidima, ta hanyar tawagarta ta EUCAP Sahel da ta zo Nijar a 2012, da tawagar binciken haɗin gwiwa ta 'yan sandan Nijar da Faransa da Sifen da aka kafa a 2017, wadda hankalinta ya fi karkata ga masu safarar bakin haure, alhali makiyayin Cadawa abin da ya dame shi daban ne. Da mahukuntan Yamai suka sallami EUCAP a Disamban 2023, sai ta bayyana cewa rijiyar ta wani ce.

A ganina, wajibi ne Nijar da Najeriya su keɓe wa wannan aiki baitulmali daga aljihunsu, su ɗora amanarsa a kan hukumar haɗin gwiwar da suka kafa tun 1971, domin alƙalin Maraɗi ya samu hujjar da aka tattaro a Katsina kafin wa'adin tsare wanda ake tuhuma ya cika.