Kalmomi Biyu Da Dokar Sarkin Ingila Ta Haramta

Ɗalibai 'yan'uwa, kowannenmu ya san taken makarantarsa, wanda ake rubutawa a ƙasan bajon rigar makaranta. To, a ƙasar Ailan tsofaffin manyan gidaje ma suna da irin wannan take a ƙarƙashin tambarin zuri'arsu. Yawanci da Latin ake rubuta shi, amma akwai waɗanda suka riƙe harshen ƙasar, wato Airish. A wannan makon mun ɗauko taken gidan FitzGerald na Kildare: "Crom abú". Ana furta shi kamar "Kurom abuu".

Mu fara da kalma ta biyu. "Abú" kirari ne na fagen fama, ma'anarsa "nasara ga wane" ko "wane ya ɗore". Sai a ambaci sunan gida ko na gari, a liƙa masa ita.

Kalmar farko ce ke da tarko. Idan muka buɗe ƙamus, za mu ga "crom" na nufin abu lanƙwasasshe. Shin jarumai ne ke ihun "lanƙwasasshe ya yi nasara"? Wasu kuma sukan yi zaton Crom Cruach ake nufi, wani gunki na zamanin da. Amsar da ta fi ƙarfi tana kan taswira. Akwai wani gari mai suna Croom a gundumar Limerick, a bakin Kogin Maigue, wanda sunansa na Airish ke nuni da lanƙwasa. A nan gidan FitzGerald ke da ganuwarsu. Ashe ma'anar taken ita ce "Nasara ga Croom!" Danginsu na Desmond ma haka suka yi da sunan tasu ganuwar, suna cewa "Shanid abú".

Abin mamakin shi ne, asalin waɗannan mutane ba 'yan Ailan ba ne. Normawa ne da suka tsallako daga Wales tun daga 1169. Suka zauna, suka yi auratayya, har harshen ƙasar ya kama bakinsu. Wannan ya dami mahukuntan Ingila. A 1366 aka kafa dokokin Kilkenny da suka hana baƙin da suka zauna a Ailan magana da Airish.

A 1495 kuwa, zamanin Sarki Henry na Bakwai, majalisar da ta zauna a Drogheda ta haramta wannan kirari da na abokan gabarsu, gidan Butler. Aka ce duk mai son yin kirari ya kira Waliyyi George ko sunan Sarkin Ingila. Dalilin a fili yake: mayaƙin da ke kiran sunan gidan ubangidansa, biyayyarsa ba ga sarki take ba.

Sai dai hani bai kashe kalmomin ba. Sun ci gaba da zama a tambarin zuri'ar, a rubuce "Crom a boo". Yau ma a filayen wasa na Ailan magoya baya na ɗaga kyallaye ɗauke da sunan gundumarsu da "abú" a gefe.

Darasinmu a nan shi ne, ƙamus kaɗai ba ya isar mai fassara take. Sai an tambayi wa ya faɗe shi, a ina, kuma wa ya ji haushinsa. Ku gwada da taken makarantarku: ku tambayi malami mafi daɗewa wanda ya zaɓe shi da dalilinsa.