Ruwan Fartanya da Ƙotarta

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ana gab da faɗuwar damina ya san cinkoson da ake yi. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa ya tuna da kayan aikin da ya jingine a gindin rumbu tun kaka. Wannan ya zo da garma ta dakushe, wancan da sungumi, wani kuma ruwan fartanya ne kawai a hannunsa, don gara ta cinye ƙotar da rani. Yaro na kan zugazugi, gawayin ƙirya na tartsatsi, maƙeri ya damƙe ƙarfe da awartaki yana bugu a kan uwar maƙera. A irin wannan zama ne, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, na ji maganar da har yau take yi mini kai kawo a zuci.

Wani dattijo ne ya zo gyara, jikansa ɗan ƙaramar sakandare na biye da shi. Maƙerin ya dubi yaron ya ce, "Samari, me aka koya muku a bokon yau?" Yaro ya gyara tsayuwa ya zubo Turanci ba gargada, cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce. Maƙerin ya sa aka fassara masa, ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To gaya mini, don me nake gasa zoben nan kafin in zura shi a bakin ƙota?" Yaro ya yi tsit. Abin da ya haddace da safe ne ke faruwa a gabansa, ja-wur a kan wuta, amma bai gane shi ba. Kakan ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko, Sarkin Maƙera? Ruwan fartanya suka ba shi, ba su sa masa ƙota ba."

Ban taɓa jin wanda ya kwatanta ciwon makarantunmu daidai kamar wannan dattijo ba. Ruwan fartanya shi ne ƙarfen, shi ke yanka ciyawa, shi ne mai tsada. Amma ka miƙa wa manomi shi tsirara ka ce ya shiga gona, kafin hantsi hannunsa ya yi kanta, kunya ɗaya bai gama ba. Ƙota kuwa icce ce, a dajin bayan gari ake sarota, ba wanda ke yi mata kirari. Ita ce dai ke haɗa ƙarfen da hannun mai shi.

Mutanen Gaya sun fi kowa cancantar gane wannan. Tarihin Kano ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, su ne suka sauka a gindin Dutsen Dala, har ana cewa sunan ɗaya daga cikinsu birnin ya ci. Wato tun kafin a san boko akwai masu gane dutsen da ke da ƙarfe a cikinsa, su gina murhu, su san iccen da gawayinsa zai narkar da shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya yawaita, narka tama ya ja baya. Me maƙera suka yi? Ba su ce ƙarfen baƙo haramun ne ba, ba su kuma rufe maƙera ba. Suka karɓe shi suka sa a wutarsu. Yau sifirin ɗin motar da aka ƙera a Japan shi ne ke zama hauya da gatari a hannun mutumin Kademi ko Toranke a ƙasar Gaya da Ajingi, kuma ba mai kiranta hauyar Japan, don ƙasar da za ta noma ce ta yanke mata faɗi da lanƙwasa, tsawon mai ita ya yanke mata ƙota. Wannan ita ce hikimar da nake so makaranta ta ara daga maƙera: a ɗauko ilimi ko daga ina, amma a buga shi a uwar maƙerar gida.

To mece ce ƙotar? Abin da yaro ya riga ya sani kafin ya sa ƙafa a aji, da harshen da ya san shi da shi.

Ɗan manomin Shagogo ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako inda ruwa ke gudu ba ya shiga. Ya ga mahaifinsa yana tsarma wake tsakanin gero, ya ji ana cewa gonar da ta ci wake ba ta gajiya da wuri. A aji kuma za a rubuta masa a allo cewa wasu tsirrai suna tara sinadarin naitirojin a saiwarsu, ya kwafa, ya haddace, ya manta. Ina ma malamin ya tumɓuko wake guda ya nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ya ce ga dalilin abin da babanka ke yi. Ranar nan yaron zai koma gida da abu biyu, kimiyya da ganin girman ubansa.

Ko gawo. Bishiya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: da damina, lokacin da kowace ke kore shar, ita sai ta kakkaɓe ganye, da rani kuma ta yi lullumi. Shi ya sa ba ta tare wa shuka rana, ganyenta ya zama taki, 'ya'yanta su zama abincin awaki, dabbobi su kwanta a inuwarta su bar kashi. Kakanninmu ba sa sare gawo a gona, kuma hatsin gindinsa kan fi na sauran wuri. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ƙarfafa wa manoma su riƙa barin tohon kututture suna sassabe shi da kula maimakon ƙonewa. Ba sabon abu ya kawo ba, abin da ke ƙasa ya tayar. An ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 ce ta sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, kuma masana daga ƙasashe da dama sun je sun gani. Ɗan Balare kuwa da gawon ke bayan ɗakinsu, sai ya gama sakandare ba a taɓa ambata masa shi a darasi ba.

Lissafi ma haka. Tsofaffin manoma na ƙidayar taurari, su ce yau Zira'a ta kama, ko an shiga Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabaha. Taurarin 28 ne, kowane kwana 13, sai ɗaya da ake ƙara wa kwana guda shekara ta cika 365. Ga ninkawa, ga kalanda, ga sanin yanayi, duk a bakin tsoho ɗaya. Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli ba ta ɓata canji, uwarta na riƙe da adashin mutum goma sha biyu a ka ba takarda, amma an rubuta wa yarinyar nan sifiri a jarrabawar lissafi, don an tambaye ta da harshen da ba ta ji. Kuma kada wani ya ɗauka lissafin littafi baƙo ne a ƙasar nan. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan tsara lambobi a gidaje yadda ta kowace fuska ka haɗa su jimla ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ɗalibai nawa ne a Kano suka taɓa jin sunansa?

Akwai kuma abin da ya fi noma da lissafi zurfi, wato tambayar da Bahaushe ya daɗe da amsa wa kansa: karatu don me? Mu ba ma cewa mutum ya kammala don ya iya karanta takarda. Sai mu tambaya, yana da kirki? Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya fitar da nazari a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya jero gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Daga bakinmu ya tsinto su. Falsafa ce cikakkiya, tana cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana cikin karin magana, tana cikin gayya inda matasan unguwa ke taruwa su nome gonar marar lafiya ba ko sisi. Musulunci ya zo ya ƙarfafa mata gindi, har Nana Asma'u ta riƙa aika malamanta mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koyar da mata addini da harshen da suke ji. Makarantar da ke auna hadda kawai, ba ta tambayar amana, za ta iya yaye mai kaifi, amma kaifin da ba shi da mariƙi mai shi yake fara yanka.

Ba na cewa duk abin da aka gada zinariya ne. Maƙeri ma ba kowane icce yake karɓa ba, sai ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta shiga. Zubar da dakashi a hana jariri nonon farko, cire belu da askar da ba a tafasa ba, camfin da ke hana a kai mai naƙuda asibiti, waɗannan ruɓaɓɓun ƙotoci ne, wuta ta dace da su. Amma wa zai tantance? Sai wanda ya san duka biyun. Wanda aka koya masa raina gidansu gaba ɗaya ba ya iya gyara komai a cikinsa, don ba mai sauraronsa.

Maganar harshe kuwa ta daɗe ana jan ta. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, har da sashen sana'o'in hannu. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, Turanci na matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka soke. Ni a ganina kuskure ne babba. Turanci ƙarfe ne mai kyau, dole 'ya'yanmu su riƙe shi da kyau, amma zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai ba sai an jira Abuja ba. Malaman firamare da na sakandare a Gaya da Ajingi, ku ne kuka fi kusa. Kafin zangon nan ya ƙare, ku ɗauki aji guda ku kai su maƙera, ku bar maƙerin ya yi magana, ku kuma ku ɗora da abin da ke littafi. Ku gayyato tsohon da ya san taurari ya zauna a kujerar gaban aji, ku sa yara su rubuta abin da ya faɗa da Hausa. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga ƙauyukanku nan kusa, ku zo da na'urar ɗaukar murya tun masu sanin suna raye. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo daga makaranta, ku tambaye shi abin da ya koya, ku ce ya faɗa muku da Hausa, sannan ku kama hannunsa ku nuna masa inda abin yake a gona.