Kafin a Huda Tanki: Sana'ar Haɗa Gidan Kifi a Rijiyar Zaki

A Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, a kan titin Gwarzo da ke kaiwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero, gonakin gero da dawa sai ja da baya suke yi, fulotai na cinye su. Wanda gonarsa ta tsuke ba shi da filin haƙa kududdufi, don haka in yana son kiwon tarwaɗa sai a bayan gida, da ruwan rijiyar burtsatse. Nan ne abincin masu haɗa tankin kifi yake.

Yawancinsu daga wata sana'a suka gangaro: wani magini ne, wani mai gyaran famfo, wani kuma mai yankan gilashin taga. Kayan aiki daga kasuwar Ƙofar Ruwa ake ɗauko mafi yawansu. Tankin bulo da siminti shi ya fi ƙarko, amma sai an jiƙa shi ana sauya ruwa na makonni, domin ƙarfin sabon siminti yana kashe 'ya'yan kifi. Na tampol ya fi araha, rana da ɓera ne abokan gabarsa. Na ukun shi ne tankin roba na ajiyar ruwa, a yanke kansa, a huda gindinsa, a sa bututun zubar da ruwa. Tarwaɗa na jure cunkoso saboda tana shaƙar iska daga sama, amma ba ta jure ruwan da ya ruɓe da kashinta da ragowar abinci. Shi ya sa hudar nan ta gindi ita ce ran aikin.

Inda gwaninta ke fitowa sosai shi ne akwatin kifin ado, irin wanda ake gani a falon masu hali da otal-otal. Wani na gilashi ne, wani na akirilik, wato roba mai garai-garai da ake hango abin da ke cikinta. Akirilik nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, kuma ba ya tarwatsewa da ɗan bugu, sai dai yana saurin karcewa; ƙwayar yashi ɗaya a jikin tsumma ta isa ta bar masa tabo. Gam ɗin silikon da ke riƙe gilashi ba ya kama shi da kyau. Da wani ruwan sinadari ake haɗa shi, wanda ke narkar da bakin allunan biyu su zama abu guda. Mai gilashin da bai san wannan ba, ya shafa silikon ya tafi, ya bar wa maigida ambaliya.

Sai batun nauyi, wanda masu saye ba su cika lissafawa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon mita 2, faɗi da zurfi santimita 60, yana cin lita 720, ya fi buhun siminti 14 nauyi ke nan, ban da duwatsu da yashi. Akirilik yana lanƙwasa, saboda haka dole gindinsa duka ya zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri. In teburin da aka ɗora shi a kai ya karkace ko kaɗan, mahaɗar ce ke ɗaukar wahalar, a hankali, har ranar da za ta buɗe. Ko Turawa ba su tsira ba: ranar 16 ga Disamba, 2022, wani katafaren tankin akirilik mai suna AquaDom ya fashe a wani otal a birnin Berlin na Jamus, ruwa kusan lita miliyan ɗaya ya malale, yawancin kifaye kusan 1,500 da ke ciki suka mutu.

To, ga inda ake samun saɓani. Alhaji ya sayi akwati ko tanki sabo mai takardar garanti, sai ya ga yana son a ƙara bututu ko a rage murfi. Huda akirilik abu ne mai yiwuwa, in an bi a hankali, ana zuba ruwa kada zafi ya narkar da shi, kuma an nisanci gefe. Gilashin da aka gasa don ƙarin ƙarfi kuwa ba a huda shi sam, rugurgujewa yake yi. Amma ko aikin ya yi kyau, kamfanoni galibi suna janye garanti da zarar an yanka ko an huda kayansu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, sai dai wanda ya sa aka huda da kansa hujjarsa ta yi rauni.

A ganina, gwani na ƙwarai shi ne wanda zai ajiye injin huda ya fara gaya wa maigida gaskiya: ranka ya daɗe, in na taɓa wannan, kamfani ya fita, saura ni da kai. Da yawa ba sa faɗa, don kada aikin ya kuɓuce musu, kuma wannan cin amana ne ko da tankin bai taɓa ɗiga ba.

Mai shirin sayen tanki, ka faɗi inda kake son bututu tun a wurin saye, a huda maka daga kamfani ko a rubuta amincewarsu a rasit. Bayan an kafa, a cika shi da ruwa zalla ya kwana biyu ko uku kafin ka zuba kifi ko ɗaya.